Kawu Sama'ilu Mai Faci da Saniyar Roba

Duk wanda ya taɓa tura keke ko babur a Kazaure saboda taya ta sace, daga shekarar samun 'yancin kai har zuwa lokacin da kuɗin man fetur suka fara ja da baya, to ya san Kawu Sama'ilu. Rumfarsa tana bakin tasha. Kayan aikinsa ba su da yawa: daron ruwa na neman huji, famfo, almakashi, wata 'yar wuƙa, guntun samfefa, sai gwangwanin sholisho, gam ɗin nan mai warin fetur da ake liƙe tub da shi. Dogo ne siriri, ba ya son surutu, kuma ban taɓa ganin ya yi sauri ba, ko da hadari ne ya taso.

Bafulatani ne daga wajen Kanya Babba. Ni kuwa Babarbare ne, sunana Madu, saboda haka wasa ne na gado tsakaninmu, duk da ya girme ni nesa ba kusa ba. Ina ce masa Arɗon Tayoyi, shi kuma ya ce mini Malam Takarda. A lokacin ina ganin ni ne nake cin wasan.

Shanun gidansu sun ƙare ne a shekarar da aka sauke tutar Turawa. Ciwon bushiya ya shiga garken, ciwon nan da ke sa idon saniya da hancinta su yi ta zuba, baki ya yi ta dalala, zawo ya biyo baya, kafin mako ta kwanta. Wansa Hamma ya zauna a daji, ya yi wa mutane kiwo shekara da shekaru har ya sake tara nasa. Sama'ilu kuwa ya ajiye sanda ya gangaro gari, ya koyi faci a wurin wani tsohon direba. Ya fara da kekunan malaman makaranta. Da kuɗin mai suka zo kowane ma'aikaci ya sayi babur, sai layi ya riƙa kaiwa har bakin titi. Abu ɗaya na lura da shi: ba ya yanka, ko da kaza ce. Ragon layyarsa ma maƙwabci yake kira. Na sha tsokanarsa a kan haka, in ce jama'a ku zo ku ga Bafulatani mai tsoron jini, shi kuwa sai ya ci gaba da gugar tub ɗinsa.

Ni a zamanin ma'aikacin wayar da kan jama'a ne. An tura ni kwas na wata uku a Kaduna, na dawo da takardar shaida ɗaya da girman kai buhu guda. In ka tambaye ni ƙarfe nawa, sai na yi maka lacca.

A shekarar 1983 aka fara jin bushiya ta dawo. Malaman dabbobi suka zo da allurar rigakafi, suka kafa shinge kusa da Babura, suka zauna suna korar ƙuda. Makiyaya sun ƙi zuwa. Dalilinsu shi ne duk saniyar da aka yi wa allura sai an ɗan yanke gefen kunnenta don shaida, alhali kunnen nan a nan kowane gida yake da tasa alamar tun kaka da kakanni. Ga kuma jita-jitar cewa allurar tana ƙafar da nono.

Sama'ilu ya rufe rumfa, abin da ba ya yi sai ranar Sallah, ya shiga mota ya tafi wurin wansa. Kashegari na same shi ya dawo yana zaune bai ko buɗe gwangwani ba.

Na ce, "Kawu, yaya aka yi?"

Ya ce, "Ya ce mai faci ba zai koya masa saniya ba." Sannan ya ƙara, "In an ci kasuwar Babura mai zuwa zai kora shanunsa arewa, ya tsallake iyaka, inda mai allura ba zai bi shi ba. Can ne kuma aka ce ciwon ya fi ƙarfi. Madu, in ya tafi da su, da sanda kawai zai dawo."

Kwana takwas ke nan suka rage. Na buga ƙirji na ce ya bar mini. Na ce a Kaduna an koya mana cewa mutumin karkara ba ya jin jawabi, sai wasan kwaikwayo. Za mu yi wasa a tsakiyar kasuwa, a nuna saniyar da aka hana allura, a ga ƙarshenta. Washegari na tafi Kano, na yi ta yawo a Sabon Gari har na samo fuskar roba ta saniya a wani kantin kayan wasa, irin wadda ake zurawa a kai gaba ɗaya. Na kawo ta a cikin jakar ofis ina tafe ina taƙama.

Sama'ilu ya juya ta gaba da baya. Dabbare-dabbare ce baƙi da fari, hanci ja, ƙahonni kamar babban yatsa, kuma wai murmushi take yi.

Ya ce, "Wannan mece ce?"

Na ce, "Saniya mana."

"Ta wace ƙasa?"

Na ce ai saniya saniya ce. Ya ce in na fita da wannan gaban Fulani, dariya ba za ta bar su su ji wa'azina ba. Sai an yi mata ƙaho na gaske da kunne na gaske, a mai da ita fara irin shanunmu. Ya jawo soson wata tsohuwar kujerar mota, ya ɗauki reza. Wallahi bai kalli hoto ba, bai tambayi kowa ba. Kafin la'asar ga ƙahonni biyu, kowanne ya kai kamu ɗaya, sun buɗe sun lanƙwaso sama, da waya a ciki don kada su langaɓe. Ya daɗe yana shafa su da babban yatsa kafin ya miƙo mini.

Saura liƙawa. A nan ne na ce tsaya, wannan aikin masu ilimi ne. Ta yaya za a ce kayan gwamnati da aka sayo a Kano a shafa musu abin facin keke? Ya ce to, ya miƙo mini fuskar.

Na fara da ƙaro, wanda muke jiƙawa a ofis muna liƙe ambulan. Ya kama kamar gaske. Na kira Halliru masinjan ofishinmu, wanda shi zai zama saniyar, ƙato ne mai kai kamar tulu. Yana zura fuskar robar ta miƙe, sai na ji ƙas, ƙahon dama ya faɗi. Na hagu ya yi haƙuri har Halliru ya fara gumi, shi ma ya zame ya sauko kan kafaɗa. Na ce laifin kan Halliru ne.

Rana ta biyu na sa matata ta dama mini sitaci mai kauri. Na shafa, na ɗora, na jingine a bayan ƙofa. Da safe na tarar da tururuwa sun yi gari a cikin ƙahon, har da masu shiga da masu fita. Sitacin kuwa ya ɓare daga jikin robar kamar ɓawon albasa.

Rana ta uku na je wurin kafinta ya dafa mini gam ɗinsu na katako. Wannan kam ya bushe ƙam. Soson ya shanye shi ya zama dutse, amma robar ko a jikinta. Da na ɗan ja, ƙahon ya fito da tsabtarsa, har da hoton goshin saniyar a gindinsa. Kwana uku na ƙona a banza, Hamma kuwa yana can yana shirin tafiya. Na naɗe kayan a tsumma na koma tasha, na yi ta kewaye-kewaye ina tambayar lafiyar iyali.

Sama'ilu ya ce, "Ajiye a nan, Malam Takarda. Tun daga nesa na ji warin kafinta."

Ya yanke gindin ƙahonnin da na lalata. Sannan ya yi mini jawabi mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce roba miƙewa take yi, saboda haka duk abin da zai kama ta sai wanda zai miƙe tare da ita. Ƙaro in ya bushe tsagewa yake, in ya ji gumi ya koma ruwa. Gam ɗin kafinta na abin da ba ya motsi ne. Sholisho kuwa shi ma roba ne, narkar da shi aka yi, shi ya sa suke gane juna.

Na zauna ina kallo. Ya wanke goshin fuskar da sabulu don hodar da ke jikinta ta fita, ya bari ya bushe, ya ɗan goge da samfefa. Ya shafa wa soson sholisho siriri ya ajiye, ya ce wannan na ƙishirwa ne, soso shanyewa yake. Da ya bushe ya ƙara na biyu, ya shafa wa robar ita ma. Daga nan ya naɗe hannu. Na ce ai zai bushe. Ya ce shi ake jira. Na tashi, na zauna, na duba agogo. Can ya taɓa da bayan yatsa, ya ji ba ya biyo hannu, ya haɗa su sau ɗaya ya danna. Ya ce in ja. Na ja da ƙarfina, robar ta miƙe har ta kusa yagewa, ƙahon ko gezau.

Ya yi wa kunnuwa haka, ya shafe fuskar da farin fenti, ya rataye ta a inuwa inda iska ke bi. Ya ce kwana uku, kada wanda ya kusantar da hancinsa, sai warin ya fita sarai. Na ce na ji. Kuma na ji ɗin, kunnuwana lafiya lau suke.

Ranar kasuwa muka isa Babura da hantsi a motar ofis, ni da direba da Halliru da Sama'ilu, da lasifika a kan rufi. Sama'ilu ya sauka ya nufi wajen da ake sayar da shanu don ya ga ko zai jawo Hamma. Halliru ya leƙa ta taga, sai na ga ya nutse cikin kujera. Ashe surukinsa ne ya hango yana cinikin gero. Ya ce wallahi ko za a kore shi daga aiki ba zai yi rarrafe da ƙafa huɗu a gaban uban matarsa ba. Na yi lallashi, na yi barazana, na ambaci Kaduna. Ina! Mutumin nan ya toshe kunnensa.

To, wa ya rage? Na zura fuskar, sai na ji ni a cikin ɗaki. Kaina bai kai rabin na Halliru ba. Ramukan ido suna kan kumatuna, in na juya hagu saniyar tana nan tana kallon gaba. Na duba bayan mota, ga ragowar soso, ga gwangwanin Sama'ilu. Na ce wannan ai na ga yadda ake yi. Na kwarara sholisho a cikin fuskar, na ce in kaɗan ya riƙe ƙaho, mai yawa sai ya fi. Na cusa soso ta goshi, ta kumatu, ta ƙeya. Na tuna ana jira, saboda haka na ƙirga goma. Na zura kaina.

Aka yafa mini farin zane, na fita da rarrafe. Direba ya zama makiyayi mai taurin kai, Halliru ya ɓuya a mota yana magana ta lasifika. Jama'a suka kewaye mu. Ina jin wani dattijo yana cewa da Hausa, wanda ya yi ƙahon nan ya san saniya. Na ji daɗi kamar ni na yi.

Tsarin wasan shi ne in yi kiwo, mai allura ya zo a kore shi, sannan a hankali in fara ciwo. Ban kai ga mai allura ba. Rana ta take, robar ta ɗauki zafi, warin ya cika mini hanci da baki. Da farko na ji wani irin nishaɗi, har na yi kukan saniya wanda ba ya cikin tsari. Sai ƙafafun mutane suka zama bibbiyu. Idona ya kama zuba, hancina ya kama zuba, yawu yana bin bakin robar yana ɗiga a ƙasa. Na yi tangaɗi dama, na yi hagu, na kife. Na kai hannu in cire fuskar, ashe ta kama gashin kaina da gira da gemu. Na buɗe baki in yi ihu, abin da ya fito gurnani ne. Direba kuwa ya ga wasa ya yi kyau, sai ya shiga zungura ta da sanda yana cewa, "Tashi mana, 'yar albarka!" Kasuwa ta kwashe da dariya. Ni kuwa tsakani da Allah na sallama, na ce ga ma'aikacin gwamnati zai mutu a matsayin saniya.

Abin da ya biyo baya rabi na ji, rabi direba ya ba ni labari. Sama'ilu ya keto jama'a a guje, mutumin da ba ya sauri. Yana durƙusawa ya ji warin, ya gane. Ya ja fuskar, na yi nishi, ya ga in ya matsa da fatata za ta fito. Sai ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan saniyar a cinyarsa, ya kama ƙaho ya karkatar da shi, ya zaro wuƙar facinsa ya kai ta ƙarƙashin muƙamuƙi, don nan ne kaɗai robar ba ta manne da ni ba.

Dariyar ta ɗauke ɗif. Babu dattijon makiyayi a wurin da bai san wannan zama ba. In saniya ta faɗi aka ga ba za ta tashi ba, haka ake kama ƙahonta a yi sauri a yanka kafin ta zama mushe. Ga farar saniya kwance, ido yana zuba, baki yana dalala, ga mutum da wuƙa a wuyanta. Sama'ilu ya yi bisimilla, ya tsaga robar.

Iska ta shigo. Ban taɓa sanin iskar kasuwa, da warin kashin jaki da na daddawa, tana da daɗi haka ba. Ta tsagar na hango fuskar Sama'ilu sharkaf da hawaye. A bayansa wani tsoho yana tsaye da malafa a hannu, kamarsu ɗaya. Shi ne Hamma. Bai kalle ni ba sam, ƙanensa yake kallo. Ya ce da na kusa da shi, a hankali, amma wurin ya yi shiru har ni na ji: "Wancan karon ma shi ya riƙe wuƙar. Baffa ya kasa, ni na kasa. Kwana tara yana yanka, har saniyarmu ta ƙarshe."

Ina kwance a cinyar mutumin da na shekara shida ina ce wa mai tsoron jini. Kunyar da na ji ta fi ta faɗuwa a kasuwa, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Hamma ya mai da malafarsa ya juya ya tafi, bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ni kuma aka kai ni rumfar wanzami. Da kananzir da aska aka raba ni da saniyar. Na bar mata rabin gemu, da girar hagu gaba ɗaya, da gashin kai gutsure-gutsure. Sama'ilu yana tsaye yana kallo, ya riga ya wanke fuska.

Ya ce, "Ka jira kafin ka sa?"

Na ce, "Na jira. Na ƙirga goma."

"Goma me?"

Wanzami ya yi dariya har ya kusa tafiya da ɗaya girar.

Muka kwana a Babura. Da sassafe muka tafi shingen allura, ni na ja hula har kan ido. Malamin dabbobi ya jera kayansa kamar yadda ya saba jerawa kullum ya kwashe da yamma. Rana ta fito, ta ɗaga. Sama'ilu yana tsugune yana kallon hanyar arewa, don in Hamma ya tafi ta nan zai bi.

Wajen ƙarfe goma muka ji kukan maraƙi ta bayanmu. Fararen shanu ne suka ɓullo daga cikin gonaki, Hamma a gaba, wasu garkuna biyu na maƙwabtansa suna biye. Ciwon ya iso yankin bayan wata guda ya wuce su, amma wannan daga baya ne. A safiyar nan Hamma bai gai da ni ba, bai gai da malamin dabbobi ba. Ya tsaya gaban ƙanensa ya ce, "Allura su yi. Kunne kuwa baƙo ba zai taɓa mini ba. Kai za ka riƙe, kai za ka yanke."

Sama'ilu ya tashi ya karɓi abin yankan. Ya nufi wata tsohuwar saniya da ke gaba, ya miƙa hannu yana yi mata magana da Fulatanci. Ta shinshina, ta yi firgigit ta ja da baya tana huci. Ya nufi ta biyu, ita ma ta kauce. Garken duka ya dare masa, ya rage shi kaɗai a tsakiya da hannu a miƙe. Ya kai hannun hancinsa, ya shinshina rigarsa, sannan ya waiwayo gare ni.

Ya ce, "Fetur suke ji, Madu. Shekara ashirin da uku."

Hamma ya jingine sandarsa a shinge, ya tuɓe rigar kiwon da ke jikinsa, ya zura wa ƙanensa a kan tasa. Ya sunkuya ya ɗebo ɗanyen kashin shanu, ya kama hannuwan Sama'ilu biyu ya murje su da shi har gwiwar hannu, kamar mai yi wa yaro wanka. Sannan ya kira tsohuwar saniyar da sunanta.

Ta matso a hankali. Ta shinshina rigar, ta shinshina hannun, ta daɗe. Sai ta sunkuyar da kai ta bar masa kunnen.

Har la'asar yana tsaye a bakin shingen nan. An kawo fura bai sha ba, an ce ya zauna wani ya karɓe shi, ya ce a'a.